Daga turmi zuwa gita: matan da ake tsallakewa wajen ƙidayar gwanaye



Ranar kasuwar Filinge da ta wuce ina zaune a rumfar wani abokina. Da can kaset yake sayarwa, yanzu kuwa waƙoƙi yake zuba wa mutane cikin ɗan katin waya. Sai ga wata yarinya, ƴar kolej bisa ga alama, ta ce a sa mata waƙoƙin ƴan matan Illighadad. Mai rumfa ya duba, ya sake dubawa, ya ce ba ya da su. Yana da Bombino, yana da Mdou Moctar, yana da Tinariwen jibgi guda, amma na matan nan ko ɗaya babu. Yarinyar ta karɓi abin da ta samu, ta biya, ta tafi. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan tsallake ya daɗe yana faruwa, a nan gida da kuma can ƙetaren teku.

Mu fara da can. Kiɗan da Turawa ke kira rok, wato na gita mai aiki da lantarki, a Amurka aka haife shi, kuma jaridunsu suna da al'adar jera sunayen gwanayensa. A shekarar 2003 mujallar Rolling Stone ta fitar da sunayen gwanayen gita 100. Mata biyu kaɗai suka shiga: Joni Mitchell da Joan Jett. Da mujallar ta sake lissafi a 2023, ta faɗaɗa shi zuwa 250, sai ga wata mace baƙar fata a matsayi na 6, Sister Rosetta Tharpe. Tharpe ta rasu tun 1973, ba ta kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba tsakanin lissafin farko da na biyu. Masu lissafin ne suka buɗe kunne a makare.

Ita wannan mata an haife ta a 1915 a jihar Arkansas, ta tashi tana waƙa a majami'a, ta riƙe gitar lantarki tun kafin a san sunan Elvis Presley ko Chuck Berry, kuma salon hannunta ya shiga jikin samarin da daga baya aka naɗa su sarakunan wannan kiɗa. Da ta rasu, kabarinta a birnin Filadelfiya ya yi fiye da shekara 30 babu ko dutsen shaida. Sai a 2018 aka shigar da sunanta gidan tarihin karrama makaɗan rok da ke birnin Cleveland. Takwararta Big Mama Thornton ita ta fara rera waƙar "Hound Dog" a 1952. Elvis ya ɗauka a 1956, ya sayar da faifai miliyoyi. Ita kuwa ta sha faɗa cewa abin da ya shigo hannunta dala 500 ne, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, amma duk da haka ɗan kasuwa ya san wannan ba rabon adalci ba ne.

Akwai waɗanda duniya ta yi wa sakayya tun suna raye. Aretha Franklin ce mace ta farko da aka shigar wancan gidan tarihi, a 1987. Tina Turner ta tara mutum wajen 180.000 a filin Maracanã na Rio a 1988, bayan ta rabu da miji mai dukanta, ta sake gina sunanta tana da shekara fiye da 40. Janis Joplin mutuwa ta yi mata gaggawa a 1970 tana da shekara 27. Amma a lura: waɗannan ukun da murya aka san su. An fi saurin yarda mace ta rera. Gita ce aka mayar kayan maza.

To, mu dawo gida. Wanda ya zauna da Buzaye, kuma mu a Kurfai maƙwabtan juna muke tun kaka da kakanni, ya san tande. Turmi ne ake ɗaure wa jiƙaƙƙiyar fatar akuya a baki, a sa taɓare biyu a gefe, mata su zauna a kai don fatar ta yi tauri. Wata tana kaɗawa, wata tana bugun ƙwarya da aka kife bisa ruwa, saura suna tafi da amshi, maza kuwa suna kewayawa bisa raƙuma. Kiɗan mata ne, waƙar mata ce. Makaɗan gitar Sahara da kansu sun sha cewa daga tande suka ɗebi bugun da suke ɗora tsirkiyarsu a kai. Gitar ta tafi Turai da Amurka, ƙungiyar Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012, turmin kuwa ya tsaya a rugga.

A nan ne labarin Fatou Seidi Ghali yake da daɗin ji. Ƴar ƙauyen Illighadad ce, cikin yankin Abalak na jihar Tawa. Gitar yayanta take ɗauka tana koyo da kanta, ba malami, ba lakwal. Wani Ba'amurke mai kamfanin faifai da ake kira Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya je har ƙauyen ya ɗauki muryarta da ta ƴar'uwarta Alamnou Akrouni. Faifan ya fito a 2016 da sunan Les Filles de Illighadad: gefe ɗaya gita, gefe ɗaya tande zalla. A faifai na biyu, "Eghass Malan", na 2017, sai suka haɗa biyun wuri ɗaya, aka ji gitar lantarki tana bin turmi a baya kamar ɗa da uwarsa. Sun yi wasa a Turai da Amurka, har wasan da suka yi a birnin New York ya fito a faifai a 2021. In za a tambaye ni, duk lissafin gwanayen gita mata na wannan zamani da babu Fatou a ciki, lissafi ne da saura. Abin kunyar shi ne sai da baƙo ya tsallako teku ya ɗauki muryarta, sa'an nan mu da ke jiha maƙwabciya muka ji labari.

Kada a ce ƙasarmu ba ta taɓa girmama mawaƙa mata ba. Masu shekaru sun tuna zamanin Samariya da bikin matasa na ƙasa a mulkin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu, lokacin da kowace jiha ke zuwa da ƴan matanta masu waƙa ana gasa. Sun tuna Dalweyze da Bouli Kakasi a Muryar Sahel. Hamsou Garba ta Maraɗi da ƙungiyarta Annashuwa ta riƙe fage har rasuwarta a 2022. A ƙetaren iyaka, Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗaga kiɗan ƙwarya na amada har ya fito daga cikin gida ya hau dandali. Sai dai yawancin waɗannan muryoyi a tsofaffin kaset suke, kaset kuwa zafi da ƙura ba su bar ta ta daɗe. Waɗanda ba a ɗauka ba ko kaɗan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da Kurfai. Injin niƙa ya shigo, waƙar niƙa ta yi shiru. Lugude, inda mata uku ko huɗu ke daka a turmi ɗaya suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin ta sauko, ya ragu. Gaɗar ƴan mata a dandali da farin wata, waya ta cinye ta, rashin kwanciyar hankali na shekarun nan kuma ya sa kowa yana shiga gida da wuri. Zabayar da ke rera wa amarya ranar kai ta ɗaki, mai jero asalin gida da sunayen kakanni, tsufa ya kama ta, jikokinta kuma ba su koya ba. Na sani akwai masu cewa waƙa ba sana'ar ƴar mutunci ba ce. Ina girmama ra'ayinsu. Amma su ma da waƙar reno uwayensu suka goya su, kuma ba su taɓa cewa uwayen sun zubar da mutunci ba.

Kirana ga ɓangarori biyu ne. Ma'aikata, musamman malaman lakwal da masu aiki a rediyon karkara: kowanenku yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Ku nemi izinin tsohuwa, ku ɗauka, ku rubuta sunanta da na ƙauyenta da ranar da aka ɗauka, ku ba iyalinta kwafi. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa a Yamai, BNDA, amma zabayar ƙauye ba za ta san hanyarsa ba in wani mai ilimi bai kama hannunta ba. Ƴan kasuwa kuma, ku da ke ɗaukar nauyin biki da kokowa, ku da makaɗa ke wasawa kuna liƙa musu kuɗi: a cikin abin da ake kashewa dare ɗaya, ana iya ware kuɗin gita da amsa-kuwwa a ajiye a gidan matasa, da sharaɗin ƴan mata su ma suna da ranarsu.

Da la'asar, kafin in kama motar Yamai, na koma rumfar abokina. Ashe ya aika an turo masa faifan "Eghass Malan" daga wani abokin cinikinsa na Tawa, ya sa shi a babbar lasifika. Wata dattijuwa mai sayar da cuku ta ajiye tabarmarta ta tsaya tana saurare, tana buga yatsa a gefen ƙwaryarta. Ta ce wannan bugun ta san shi tun tana yarinya, ta tambaya su wa ke yi. Aka gaya mata. Na roƙe ta ta bari in ɗauki nata in na dawo kasuwa mai zuwa, ta ce sai ta shawarci ɗanta tukuna.