Shirun Inji Ba Lafiya Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina gani a gareji, kuma ban yarda da ita ba. Mai tsohuwar mota zai kawo kukan injinsa na "kat-kat-kat", sai bakanike ya cire murfin bawul, ya yi ta ɗaurewa da kunne har ƙarar ta ɗauke. Mai mota ya biya yana murna, bai san ya sayi wahala ba.

Ɗauki Volkswagen Beetle, wadda Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, aka kuma fara haɗa ta a Legas a 1975. Kamfanin ya ce a bar tazarar milimita 0.15 a kan kowane bawul, a auna inji na sanyi. Dalili kuwa, ƙarfe na miƙewa idan ya ɗau zafi. In babu wannan 'yar tazara, bawul ba zai zauna daram ya rufe ba, sai wutar da ke cikin silinda ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. Ita kuma Beetle iska ce ke sanyaya ta, ba ruwa ba, don haka ba ta yafe ganganci.

Kunne ba ya jin 0.15. Siririn ƙarfen awo da ake zurawa a tsakani, shi ke faɗar gaskiya. Ni dai bakaniken da ya taɓa bawul ɗina inji na zafi, ba zai sake ganina ba.