Daga Bangalor zuwa Galma: wa zai tsaya wa 'yan matanmu a filin wasa?

Ranar 13 ga Fabrairun 2023 aka yi wani gwanjo a birnin Mumbai na ƙasar Indiya. Masu kuɗi ne suka zauna a tebura, kowa da ɗan allonsa a hannu, ana kiran sunayen mata 'yan wasan kurket ɗaya bayan ɗaya suna tayawa. Da aka zo kan Smriti Mandhana sai ciniki ya yi zafi tsakanin ƙungiyar Mumbai Indians da ta Royal Challengers Bangalore, wannan ya ɗaga allo, wancan ya ɗaga, har aka sallama wa Bangalor a kan rufi miliyan 34. Da kuɗinmu, kusan miliyan 250 ke nan na sefa a lokacin, ladan wasan da bai kai wata guda ba.

Mai karatu a Galma ko Madawa zai iya cewa ina ruwanmu da kurket, wasan da ko sandarsa ba mu taɓa riƙewa ba. Gaskiyarsa. Ni ma ba kurket nake so mu ɗauko ba. Abin da ya sa na kawo zancen shi ne yadda aka gina abin, domin a nan ne namu ciwon yake.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ɗaya na jifa da ƙwallo tana neman kayar da 'yan sanduna uku da aka kafa a ƙasa, ɗaya kuma na tsaye gabansu da faffaɗar sanda tana karewa, ta maka ƙwallon nesa ta yi gudu ta tara maki. A irin wanda ake bugawa a gasar da aka yi gwanjon dominta, jifa 120 kowane ɓangare yake samu. Gasar kuwa, wadda ake kira WPL, ƙungiyoyi biyar ne, kuma hukumar kurket ta Indiya sayar da su ta yi ga kamfanoni a Janairun 2023, a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka miliyan 570. Ba sadaka kamfanonin suka yi ba. Sun yi lissafi sun ga akwai 'yan kallo, akwai talla, akwai riba.

To, Bangalor da ta sayi 'yar wasa mafi tsada, ita ta fi kowa shan kunya a farkon kakar 2023. Wasa biyar na farko duk kashi ta sha. Cikin takwas biyu kawai ta ci, ta ƙare ta huɗu. Mandhana, wadda aka ba jagorancin ƙungiyar, maki 149 ta iya haɗawa a kakar gaba ɗaya. Ba abin da ba a faɗa mata ba a intanet. Amma masu ƙungiyar ba su ce sun gwada mata sun gani, a rufe shago ba. Suka canza mai horarwa, suka kawo Luke Williams daga Ostareliya, suka bar wa Mandhana shugabancinta, suka jira baɗi.

Baɗin ma ba ta zo da sauƙi ba. A 2024 huɗu suka ci, huɗu aka ci su, har da wanda Delhi ta doke su da maki ɗaya tak. Da ƙyar suka tsallake. A wasan share fagen ƙarshe da Mumbai, saura jifa shida, Mumbai na neman maki 12, sai Mandhana ta miƙa ƙwallo ga Asha Sobhana, mace mai shekara 32 wadda a lokacin ba ta taɓa saka rigar ƙasarta ba. Asha 'yar jihar Kerala ce, mahaifinta direban adaidaita ne, kuma a kan rufi miliyan ɗaya aka ɗauke ta, wato kashi ɗaya cikin 34 na kuɗin Mandhana. Ta yi jifanta shida a natse, Bangalor ta tsira da maki biyar. Ranar 17 ga Maris aka yi na ƙarshe a Delhi. 'Yan gida sun fara da ƙarfi, sun tara 64 ba a fitar da ko mutum ɗaya ba. Sai Sophie Molineux ta Bangalor ta karɓi ƙwallo, cikin jifa huɗu ta sallami uku daga cikin manyansu. Daga nan lissafin Delhi ya dagule, suka ƙare a 113. Bangalor ta ɗauki kofi, abin da a lokacin ƙungiyarta ta maza ta yi shekara 16 tana nema ba ta samu ba. Wata biyu bai cika ba aka kira Asha ƙungiyar ƙasa.

Labarin Asha ya fi na Mandhana taɓa mini zuciya. Ta yaya 'yar direban adaidaita ta kai har idon masu neman 'yan wasa? Domin akwai tsani. Akwai gasar makarantu, akwai ta gunduma, akwai ta jiha, kowacce da lokacinta a shekara, ana rubuta sunan wadda ta yi ƙoƙari. Tun 1973 matan Indiya suke da ƙungiyarsu ta kurket, suna bugawa a filayen da ba kowa, suna kwana a azuzuwan makaranta. Shekara 50 cif tsakanin wannan da gwanjon Mumbai. Kuɗin daga baya ya zo, ya tarar da mutane a fili. A Nuwamban 2025 kuma matan Indiya suka ɗauki kofin duniya karo na farko.

Kada a ce wannan sai Indiya mai mutum sama da biliyan. Ga maƙwabtanmu nan. A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da maki biyu a gasar duniya ta kurket a Malesiya. Mu ma muna da tamu shaidar a wani fagen: Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a Amurka a 2022. Jinin akwai shi. Tambayar ita ce Aminatou nawa ne suka wuce ta gabanmu ba mu gani ba.

Duk wanda ya san ƙauyukanmu na Galma, ko na Buza da Keita, ya san amsar. Je ka tsaya bakin lakwal lokacin shan iska. Za ka ga yarinya 'yar aji huɗu ta cire takalmin roba ta riƙe a hannu, ta ɗaure zane ta tsere wa yara maza har gindin bedi, ta dawo tana haki tana dariya. Dawo bayan shekara uku ka tambaye ta. Tana rijiya, ko tana garka wajen dashen albasa, ko tana ɗauke da faranti a ka. Ƙanenta da ta tsere wa yana da ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, da riga mai lamba, da kofin hutu da wani alhaji ya saka. Ita ko gaɗar dandali ta fara gagarar ta. Alƙaluman UNICEF sun ce a Nijar mata 76 cikin ɗari ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Wasa ba zai warware wannan shi kaɗai ba, amma yarinyar da take da abin da ke jan ta zuwa lakwal, da malamar da ke lissafi da ita, ba ta saurin ɓacewa daga rajista.

Kuma mu ne mutanen da bai kamata a koya wa tsara gasa ba. A Tawa aka fara kokowar takobi a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga nan kowa ya san tsarin: a yi zaɓe a ƙauye, a hau gunduma, a hau jiha, a fitar da goma-goma. 'Yan kasuwa na zuba kyauta, rediyo na watsawa, yaro a ƙauye ya san in ya dage akwai inda za shi. Wannan tsanin muka kafa wa maza da hannunmu, muka bar mata a ƙasa.

Na san abin da iyaye ke tsoro, kuma ban raina shi ba. Suna tsoron fitar tsiraici, da cuɗanya da maza, da bakin mutane. Uban da ya ce ba ya son 'yarsa ta yi gudu da gajeren wando gaban taron samari bai faɗi abin kunya ba. Amma duk wannan yana da magani in an so. A yi a filin makaranta mai katanga. A sa dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali ko hijabi. Malamai mata su yi alƙalanci, iyaye mata su zauna a gaba. A tashi kafin magariba. A zauna da liman da mai gari tun kafin a fara, a ji ta bakinsu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a fake da waɗannan a ce lafiyar jikin 'ya mace da farin cikinta ba su da muhimmanci.

Abin da ke kashe mu shi ne wasan rana ɗaya. A jira 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, a tara 'yan mata a raba musu riguna, a buga ƙwallo na minti 20, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi. Wannan biki ne. Kaka ita ce a ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, kowace Laraba da yamma makarantu shida ko takwas na kewayen Galma suna karawa a tsere da ƙwallon hannu, ana rubuta maki a allo, a ƙarshe zakara ta je Madawa ta gamu da na sauran garuruwa. Shekarar farko za ta yi rauni. Wasu iyaye za su hana, wata ƙungiya ba za ta zo ba. Bangalor ma da shan kashi biyar a jere ta fara.

Don haka kirana ga manyan 'yan kasuwar albasa na kwarin Tarka, waɗanda motocinsu ke loda buhuna zuwa Abijan da Akra: kowannenku ya ɗauki makaranta ɗaya, ya saya mata ƙwallaye da tufafi, ya biya kuɗin motar kai yara, a rubuta sunansa a riga in yana so. Amma ya yi alkawarin shekara uku, ko an ci ko ba a ci ba. Daraktocin makarantu kuma ku fitar da jadawali tun a watan Oktoba, ku kai wa iyaye a rubuce kafin a fara.