Zaɓen Akwatin Wanke Zinariya a Ƙasar Minna

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan rafuffuka ya ja baya, sai a fara ganin samari a gefen kogin Chanchaga da sauran ƙoramun da ke kewaye da Minna, kowa da shebur da diga da kwanon sarki. Wasu manoma ne da suka gama girbi, wasu 'yan ci-rani ne daga Zamfara da Katsina da Kabi, wasu kuma ma'aikata ne ko ɗalibai waɗanda sha'awa kurum ta kawo su ranar hutu, don sun ga Turawa na yi a bidiyon waya. Dukkansu abu guda suke nema, kuma yawancinsu wuri guda suke yin hasara. Mutum ya wuni yana haƙa yana ɗauko ƙasa a ka, amma zinariyar da ya sha wahala a kanta ta bi ruwa ta koma rafi, saboda akwatin da ya wanke ƙasar a ciki bai iya riƙe ta ba.

Neman zinariya a wannan yanki ba baƙon abu ba ne. An fara lissafin zinariyar da ake fitarwa daga Nijeriya a 1913, watau shekara biyu bayan da layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa ta Minna, ya kammala. Sa'an nan a shekarun 1930 aka yi rububi. Kasuwar kuza ta faɗi, mahaƙa suka baro Jos, ga shi kuma Amurka ta ɗaga farashin zinariya a 1934 daga dala 20.67 zuwa dala 35 kowane oza. Minna da Birnin Gwari suka cika da masu haƙa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kashe wannan kasuwa, domin Turawan mulki sun fi bukatar kuza, sai suka karkatar da leburori zuwa Filato. Yawancin abin da aka samu a wancan zamani daga yashin rafi da tsakuwa aka wanke shi, kuma kayan aikin bai wuce kwano da akwatin katako ba.

Shi wannan akwati siffarsa kamar indararo take: dogon kwari ne mai gefe biyu, a buɗe ta sama, an ɗaga kansa an saukar da wutsiyarsa. Ana shimfiɗa wani abu mai kaushi a cikinsa, a zuba ƙasa ta sama, a saki ruwa. Hikimar duka a wajen nauyi take. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19 da ɗoriya, yashi kuwa bai kai sau uku ba, baƙin yashin nan mai ƙarfe wajen sau biyar. Idan ruwa ya kwaso su tare, mai nauyi ya nutse ya maƙale a shimfiɗa, marar nauyi ya wuce. Mutanen duwatsun Jojiya, can gabashin Baƙin Teku, da buzun tunkiya suke yi tun zamanin dā, masu rububin Kalifoniya na 1849 kuma da katako, haka ma mahaƙan kuza a Filato.

To, a yau mai son saye yana da hanya uku a gabansa. Ko ya sa kafinta ya haɗa masa na katako, ko ya je wurin mai walda a yi masa na ƙarfe, ko kuma ya yi odar na goran-ruwa daga waje, irin wanda kamfanoni kamar Keene na Amurka ke ƙerawa. Wannan na ƙarshe shi ne ke ɗaukar idon matasa, gama yana da ƙyalli, ba shi da nauyi, wani ma naɗe shi ake yi a sa a jaka. Sai dai a tuna da wanda aka yi wa shi. Ba'amurke mai yin abin don nishaɗi yakan ajiye ɗan akwatinsa, mai faɗin inci 10 da tsawon ƙafa uku ko huɗu, a cikin ƙorama mai gudu da ruwa garau, ya zuba bokiti kaɗan, ya koma gida ko ya samu ko bai samu ba. Rafin ƙasar Minna da rani ruwansa kaɗan ne, ƙasar kuma ja ce mai yumɓu da marmara. Ƙaramin akwati irin wannan ya yi daidai da wanda yake so ya gwada wuri ya ga ko akwai wani abu, amma wanda ke fatan wanke ƙasa mai yawa zai toshe shi tun kafin hantsi. Ga irin wannan mutum, na katako da kafintan unguwa ya yi, in an yi shi bisa ƙa'ida, ba abin rainawa ba ne, kuma in ya fashe da ƙusa ake gyara shi. Na ƙarfe ya fi ƙarko, amma yana tsatsa, kuma ɗaukarsa zuwa bakin rafi sai da mutum biyu.

Ƙa'idar kuwa daga ruwa take farawa. Kafin mutum ya ce wa kafinta ga faɗin da yake so, sai ya fara sanin yawan ruwan da yake da shi. Wanda zai riƙa kamfato ruwa da bokiti, akwati mai faɗin ƙafa ɗaya ya ishe shi, har ma ya yi masa yawa. Wanda yake da injin ban-ruwa irin na masu noman rani yana iya faɗaɗawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gina faffaɗan akwati don burga, ruwa ya bazu a ciki ya rasa ƙarfi, yashi ya kwanta ya binne shimfiɗar, zinariya kuma ta riƙa sulɓewa ta bisa yashin kamar an share mata hanya. Akasin haka ma hasara ce: ruwa mai yawa a ƙunƙuntaccen akwati yakan kwashe kome da kome. Ruwan bokiti yana da wani aibi na daban, wato zuwa da yake yi a guje sa'an nan ya yanke, kuma kowace kwarara tana iya tayar da abin da ya riga ya kwanta. Maganinsa shi ne a ɗora rabin duro mai huji a kan akwatin, a riƙa zuba ruwan a ciki, shi kuma ya riƙa sakinsa a hankali ba yankewa.

Sai gangara. Abin da masu wannan sana'a suka daɗe da sani shi ne a fara da saukar inci ɗaya a kowace ƙafa ɗaya ta tsawon akwatin. Wato akwati mai ƙafa shida, kansa ya ɗara wutsiyarsa tsawo da inci shida. Daga nan sai ido ya yi sauran aikin. In tsakuwa tana tsayawa tana taruwa, a ƙara gangara kaɗan. In shimfiɗar ta fito fes, ko baƙin yashi bai tsaya ba, gangarar ta yi yawa. Saboda haka akwatin da aka kafe ƙafafunsa da ƙusa, ba a iya ɗagawa ba a iya saukarwa, bai cancanci a saye shi ba kome kyansa. Haka nan wanda ya karkace gefe ɗaya, don ruwa zai bi ta gefen ya bar sauran a bushe.

Shimfiɗa ita ce ainihin tarkon, kuma a nan ne ya kamata kuɗin mai saye ya tafi. An yi amfani da buhun algarara da bargo da tawul, a yau kuwa an fi ganin kafet. Bargo da kafet mai gajeren gashi suna kama ƙananan ƙwayoyi sosai, amma suna saurin cika, sai an riƙa ɗaga su ana wankewa a kai a kai. Tabarmar roba mai zare-zare a cukurkuɗe, irin wadda ake ajiyewa a ƙofar ofis don goge takalmi, ta fi su zurfin ciki, ta fi su riƙe kaya. A wajejen 1990 wani injiniya mai suna Randy Clarkson ya yi gwaje-gwaje a ma'adinan Yukon ta ƙasar Kanada, inda ya riƙa sa wa ƙwayoyin zinariya alama yana bin sawunsu a cikin akwatuna. Abin da ya fito fili shi ne, ragar ƙarfe da aka ɗora bisa irin wannan tabarma tana kama ƙananan ƙwayoyi da kyau, kuma waɗanda ke tace ƙasa kafin ta shiga akwati sun fi kowa rage hasara. Ragar tana sa ruwa ya riƙa ɗan juyawa a kowane ido nata, yana fitar da yashi yana barin mai nauyi. Manyan sandunan da ake gicciyawa a akwati, waɗanda ake gani a hotunan dā, na wurin da zinariya take da girman ƙwaya ne, kuma ruwa mai yawa suke ci. Wanda abin da yake gani a kwanonsa bai wuce gari-gari ba, bai bukace su ba.

Tacewar nan ba ta da tsada. Rariya ce ta ƙarfe ko farantin ƙarfe mai huji, mai ido kamar rabin inci ko ƙasa da haka, a sa ta a bakin akwati don duwatsu su tsaya a waje. Kowane dutse da ya gangara cikin akwati yana tayar da abin da ya kwanta, kuma shi ke tilasta a ƙara ruwa. Yumɓu ya fi dutse ɓarna. Curin yumɓu in ya mirgina bisa shimfiɗa yakan liƙe ƙwayoyin da aka riga aka kama ya fice da su. Tilas a jiƙa ƙasa a cikin duro ko rami, a dama ta har ta zama kamar kunu, kafin a zuba. A kuma kiyayi man inji da kowane irin maiƙo, domin siririyar zinariya in ta taɓa mai sai ta yi iyo bisa ruwa.

An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma babu akwatin da ke kama zinariya duka. Amma akwai hanyar sanin ko zubar ta wuce kima. A yanka shimfiɗar gida uku, a wanke kowane yanki daban a cikin kwano. Akwati mai lafiya, yankin sama ne zai ɗauke mafi yawa, na tsakiya kaɗan, na ƙasa da ƙyar a ga wani abu. In na ƙasa ya fito da yawa, to abin da ya wuce shi zuwa rafi ma da yawa. Haka kuma a riƙa ɗiban yashin da ke zuba a wutsiya ana gwada shi a kwano. Duk wanda zai sayi akwati a hannun wani, ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa kafin ya biya.

Maganar ba ta tsaya ga riba ba. Wanda akwatinsa ba ya tace kaya da kyau, shi ne ke komawa ga zaiba, wadda mahaƙa ke kira makuri, ya zuba ta cikin ƙasa mai yawa don ta tattaro masa zinariya, sa'an nan ya ƙona curin a wuta. Tururin yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ragowar kuma ta bi ruwa ta shiga jikin kifi. Sunan garin Minamata na Japan, inda zaibar wata masana'anta ta nakasa dubban mutane, shi aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan rage amfani da ita, kuma Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. Akwati mai kyau yana mayar da tulin ƙasa ya zama 'yan kwanoni kaɗan. Daga nan kwano da haƙuri, da maganaɗisu don janye baƙin yashi, suna iya kai mutum ga zinariyarsa, musamman ta rafi, ba tare da zaiba ba. Mahaƙa a wasu sassan ƙasar Filifin da sinadarin boraks suke narkar da abin da suka tace. Wannan batu ya shafi kowane mazaunin Minna, ko bai taɓa riƙe shebur ba, tun da yake babbar matatar ruwan garin a Chanchaga take. Ya kamata kowane mai wanki ya haƙa rami a wutsiyar akwatinsa, laka ta kwanta a ciki, ya sake amfani da ruwan, maimakon ya sake shi cikin rafin da jama'a da dabbobi ke sha.

Akwai kuma abin da akwati ba ya magani. Wanda ya bar yashin rafi ya koma fasa dutse yana niƙawa ya shiga wani hatsari dabam, don wasu duwatsun zinariya na wannan yanki suna ɗauke da dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sanadin niƙa dutse a bushe a cikin gidaje. A 2015 abin ya auku a Jihar Neja kanta, a Shikira da Magiro da Kawo na Ƙaramar Hukumar Rafi, inda aka ba da sanarwar mutuwar yara 28. Dutsen dalma ya fi ruwa nauyi sau bakwai da rabi, saboda haka tare da zinariya yake kwanciya a shimfiɗa. Kafet ɗin da aka wanke irin wannan gari a kansa ba na shanyawa a tsakar gida ba ne, kuma kwanon wanki ba ya komawa madafa.

Mai sha'awa ya kuma san cewa dokar nan ba irin ta Amurka ba ce, inda aka bar wasu filayen gwamnati ga masu wanki don nishaɗi. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa dukkan ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta hana nema ko haƙa sai da izni, wanda ake samu ta ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja. Akwai lasin na ƙananan mahaƙa, kuma hanyar da ta fi sauƙi ga talaka ita ce shiga ƙungiyar gama kai mai rajista. Ban da wannan akwai mai gona da mai gari, waɗanda ba a tsallake su. Wanda ya sayi akwati da inji kafin ya daidaita waɗannan, yana iya wayar gari kayan suna ofishin hukuma, shi kuma yana neman mai belinsa.