RA'AYINMU: Dokokin Hostel Da Haƙƙin 'Ya'yanmu

Jama'a, duk shekara idan an buɗe manyan makarantu, gidajenmu a nan Suleja sukan yi rakiyar 'ya'ya zuwa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko Jami'ar IBB ta Lapai, ko Jami'ar Abuja da ke nan kusa da mu a Gwagwalada, wasu kuma har Zariya da Kano. Uba ya biya kuɗin makaranta da na gado, uwa ta ɗaura garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, a yi addu'a a sallami yaro. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ɗan littafin nan na dokokin ɗalibai da ake ba kowane sabon shiga, wanda yaro yake sa hannu ya yi rantsuwa cewa zai bi abin da ke ciki. Sai ran da takardar kora ta iso gida ake neman littafin.

Mu a wannan ƙungiya muna goyon bayan dokokin da suka hana shan taba da giya da kayan maye a ɗakunan kwanan ɗalibai. Addininmu da tarbiyyarmu sun hana tun kafin jami'a ta hana, kuma dokar ƙasa ma tana tare da su. Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta sa makarantu cikin wuraren da ba a yarda a busa hayaƙi ba, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Jihar Neja ta fara aiki da shari'ar Musulunci tun 2000. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, bayan an ga irin ɓarnar da ya yi wa samari da 'yan matan Arewa. Ɗakin da mutum shida ko takwas suke kwana a ciki, ga katifu ga risho ga wayoyin lantarki a warwatse, guntun sigari ɗaya ya isa ya tayar da gobara. A kan wannan ba mu da ja.

Maganar baƙi ita ce ta fi damunmu, domin nan ne yaron kirki yake faɗawa rami. Galibin jami'o'i sun hana namiji shiga ɓangaren mata, sun ƙayyade lokacin ziyara, sun kuma hana ɗalibi ya kwanar da wanda ba a ba shi gado a ɗakin ba. To amma kowa ya san gadajen hostel ba sa isar ɗalibai. Yaron da ya tashi a gidan da ba a taɓa rufe zaure ba, wanda ya ga ubansa yana saukar da 'yan'uwa daga Katsina ko Sakkwato wata da watanni ba tare da an tambaye su ranar tafiya ba, yaya zai ce wa ɗan unguwarsu da bai samu gado ba ya je ya kwana a aji? Sai ya ce masa zo ka raɓa. A gida wannan zumunci ne, a littafin jami'a kuwa laifi ne da zai iya jawo a ƙwace gadon, ko a dakatar da shi. Mafi muni, idan baƙon nan ya shigo da wiwi ko kwalba a jakarsa aka yi samame, mai gadon ake fara kamawa, wani lokaci ma a haɗa da duk 'yan ɗakin.

Saboda haka muna kira ga iyaye su faɗa wa yara wannan magana ƙarara tun kafin su tafi. Haka kuma mu kanmu, idan mun kai ziyara, mu tsaya inda aka ce baƙi su tsaya. Yayan yarinya ko kawunta ba shi da hurumin kutsawa ɗakin mata don wai shi muharraminta ne. Sauran 'yan matan ɗakin ba muharramansa ba ne.

Sai dai fa doka ba a kan ɗalibi kaɗai take ba. Hukumar jami'a ma akwai dokar da ke kanta, kuma wannan ne yawancin gidajenmu ba su sani ba. A watan Fabrairun 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Jami'a ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mataimakin shugabanta, alhali shi ma yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, daga nan aka kori wasu ɗalibai. Ɗaliban suka garzaya kotu, Cif Gani Fawehinmi ya tsaya musu, magana ta kai har Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta soke korar. Ta ce wanda abu ya shafa ba zai zama alƙali a kansa ba, dole a gaya wa wanda ake zargi abin da ake zarginsa da shi, a ba shi damar kare kansa, kuma manyan laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne ta tabbatar da su. Lauyoyi suna kiran wannan shari'a Garba da Jami'ar Maiduguri, har gobe ana kafa hujja da ita. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi wannan haƙƙi na sauraren kowane ɓangare.

Kada wani ya ɗauka wannan yana nufin jami'a ba ta da ikon ladabtarwa. Tana da shi. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, Kotun Ƙolin dai ta yarda jami'a ta dakatar da ɗalibi kafin a kammala bincike. Yaron da aka kama da kwalba a hannu, aka kira shi gaban kwamiti ya yi bayani aka same shi da laifi, ba mu da bakin kare shi, kuma ba za mu je mu yi wa kowa ƙarya dominsa ba. Wanda muke magana a kai shi ne wanda aka haɗa da laifin wani, ko aka liƙa sunansa a allo ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Abin ya fi yi mana ciwo mu da ake kira baƙi a jihar nan, ko da an haifi yaro a Suleja, an haifi ubansa a Suleja. Ɗanmu yakan sha wahala kafin ya samu gurbin karatu saboda takardar shaidar zama ɗan asalin jiha, a jami'ar jiha kuma kuɗinsa ya fi na ɗan jiha. Idan aka kore shi a aji uku, ba shi da wani babba a sakateriya da zai ɗaga waya dominsa, kuma da wuya a sake tara abin da aka kashe. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu, takarda ce gatansa.

Don haka duk gidan da aka aiko wa ɗansu takardar gayyata gaban kwamitin ladabtarwa, kada a ɓoye don kunya. A sa yaro ya nemi a ba shi zargin a rubuce. Ya amsa a rubuce, ya ajiye kwafi. Kada ya sa hannu a kan takardar amsa laifi don an ce masa hakan zai sa a yi masa sassauci. A duba littafin dokokin a ga kwana nawa aka bayar na ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwar jami'a, domin idan wa'adin ya wuce magana ta yi nisa. Sannan uba ya wanke ƙafa ya tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai da kansa, cikin ladabi, ba da faɗa ba.

Muna kuma roƙon hukumomin jami'o'in da ke kewaye da mu su riƙa aiko wa iyaye kwafin waɗannan dokoki tare da takardar shiga makaranta, in da hali a fassara muhimman sassan da Hausa da Nufanci da Gwaranci. Kafin su yi hakan, duk wanda ɗansa ya samu shiga bana ya karɓi littafin ya zo da shi taronmu na wata, akwai malaman makaranta a cikinmu da za su karanta wa iyaye sashen hostel ɗin layi-layi.