Kafin a Sayi Salansa, a Duba Taya

Yawancin manyan baburan gudu da ake gani a titunan Abuja, Kaduna da Kano, irin su Honda CBR600RR, Yamaha R6 da Suzuki GSX-R, na hannu ne; an more su a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Wanda ya tara kuɗi ya sayi ɗaya, da wuya ya yi wata guda bai fara tunanin abin da zai ƙara masa ba, kuma kusan kullum hankalin kan salansa yake tsayawa, ta Akrapovič ko Yoshimura, ko jabunsu idan aljihu bai kai ba. A ganina, mai kuɗi ƙalilan da ya fara da salansa ya juya lissafi. Abin da ke sa babur ya yi sauri a kan titi na gaske shi ne yadda yake riƙe ƙasa da yadda yake tsayawa, don haka taya, birki da shokazoba su ne suka cancanci kuɗin farko.

A ɗauki alƙalami. Babur mai inji 600cc irin waɗannan yana fitowa daga kamfani da ƙarfin doki sama da 100. Canza tukunyar salansa ta baya kaɗai, ba tare da an taɓa kwamfutar injin ba, ba ya ƙara abin da ya wuce doki biyu ko uku, wani lokacin ma babu ko ɗaya. Iska kuwa ba ta sassauci: ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana ninkuwa sau takwas duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Ma'ana, ƙarin ƙarfi na kashi 3 cikin 100 ba zai ƙara wa ƙarshen gudun babur abin da ya wuce kashi 1 ba, a gudun da babu titin da zai bari a kai shi cikin hankali. Abin da mahayi ke ji kamar ƙarfi bayan ya ɗaura sabuwar salansa, yawancinsa kunne ne ya gaya masa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Taya fa? Duk ƙarfin injin nan, da birki, da kwanciyar da ake yi a kwana, ta wuri biyu suke bi su isa kwalta, kowanne bai kai tafin hannu ba. Roba kuma tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Tana bushewa ta yi tauri, balle a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa a riƙa kai taya wurin masani duk shekara idan ta kai shekara 5, a jefar da ita idan ta cika 10, komai kyanta a ido. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye kafin a loda shi a jirgi yakan zo da tayar da ta wuce zamaninta. Sai dai kada a zarce a sayi tayar tsere: an yi ta ne ta kama ƙasa bayan ta ɗau zafi sosai a fili, kuma a zirga-zirgar gari ba ta kai wannan zafin. Tayar titi mai kyau, da awon iska kafin a fita, ta fi ta nesa ba kusa ba.

Birki ma haka, kuma gyaransa araha ne. Man birki na DOT 4 yana shan danshi daga iska. Sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155, kuma da zarar ya tafasa sai hannun birki ya yi laushi a daidai lokacin da ake neman sa. Shi ya sa kamfanoni ke cewa a canza shi duk shekara 2. A haɗa da sabon takalmin birki na ainihi, kuɗin duka bai kai rabin na salansa mai suna ba. A tuna cewa a gudun kilomita 100 babur na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma daga 100 zuwa 120 nisan tsayawa na ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. Shokazoba kuwa sau da yawa ba ta buƙatar sayen komai, saiti kawai: a auna yadda babur ke nutsewa idan mai shi ya hau, a daidaita shi wajen milimita 30 zuwa 35, a canza man ƙafafun gaba da wataƙila ba a taɓa canzawa ba.

Masu salansa suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa ta kamfani nauyi gare ta, canza ta na rage kilo da dama. Gaskiya ne, amma kilo uku ko huɗu a babur da ya doshi kilo 190, ga mahayi a kai, ba abin da za a gane a hanyar Zariya ba ne. Suna cewa ƙara na sa direbobi su san da zuwan babur. To amma bakin salansa baya yake kallo, haɗarin kuma yawanci daga gaba yake zuwa, daga motar da ta karyo kwana gilashi a rufe. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce taya cinyewa take, salansa kuwa tana nan har ranar sayar da babur. Wannan lissafin dillali ne, kuma ko a wurinsa, babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ya fasa robobin jiki ya yi asarar da ta fi kuɗin tayar.

Wanda har yanzu yake son ya ji babur na fizga, akwai hanya mai sauƙin kuɗi: ƙaramin faifan sarƙa na gaba, daga haƙori 16 zuwa 15, yana ƙara ƙarfin tashi da kusan kashi 7 cikin 100, a musayar ɗan ragin ƙarshen gudu da ƙarin shan mai, kuma a wasu baburan agogon gudu zai riƙa ƙarya. Idan kuɗi sun samu daga baya, a sayi cikakkiyar salansa tare da saitin kwamfutar inji a hannun wanda ya san aikin, don salansa a buɗe ba saiti na iya sa mai ya yi wa injin kaɗan, ya riƙa zafi. Matatar iska ta tsere kuwa, wadda aka yi don ta bar iska ta wuce da yawa, a bar ta a kanti muddin ana hawa cikin ƙurar hunturu.