A Gina wa Waƙa Rumbu

A ƙasar Hausa ba a ganin hankalin manomin da ya yi girbi ya bar dammunansa a fili. Ko da damina ta yi albarka, in babu rumbu, gara da ɓeraye da awakin maƙwabta su za su ci wahalarsa. Abin mamaki, mutanen da suka san wannan sarai game da gero da dawa, su ne suka bar wani amfani mai daraja a zube, watau waƙoƙin makaɗansu. Ibrahim Narambaɗa ya daɗe da rasuwa. Musa Ɗanƙwairo ya bi shi a shekarar 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Allah ya ji ƙansu. Muryoyinsu suna nan a faifan garmaho da tef da kaset, waɗansu a gidajen rediyo, waɗansu a jami'o'i, waɗansu a akwatunan tsofaffi. Abin da ya kamata shi ne a tara su wuri guda, a yi musu rajista, a sa su a intanet ƙarƙashin kulawar laburare, yadda ɗalibi a Sakkwato ko Damagaram ko Kumasi zai nemi waƙa ya same ta da cikakken bayaninta.

Da zarar an ta da wannan magana sai wani ya zaro waya daga aljihu, ya ce ai aikin gama ya gama, ga Shata nan a YouTube, ga Ɗan Anace nan ana tura shi ta WhatsApp. To, wannan ita ce maganar da ta fi kowace cutarwa, domin tana sa mutane barci. Abin da ke cikin waya kasuwa ce, kasuwa kuwa watsewa ta ke yi. Wanda ya ɗora waƙa yau, gobe yana iya cire ta, ko kamfanin ya rufe masa shafi, ba wanda zai tuhume shi. Ban da haka, a dubi yadda waƙoƙin su ke a can. Za a tarar an yanke farkon waƙa, an liƙa mata hoton wani makaɗi dabam, an ba ta sunan da mai ita bai taɓa ba ta ba. Babu shekara, babu gari, babu sunan wanda aka yi wa ita. An kwafe ta daga kaset zuwa kaset har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani.

Kowane ma'aikacin ofis ya san takardar da ba ta da kwanan wata, ba lamba, ba sa hannu, ba ta zama shaida gaban alƙali, kome kyan rubutunta. Almajirai kuma sun san malaman hadisi ba su karɓar magana sai an faɗi wanda ya ji ta daga wa. Haka mai bincike ya ke da waƙa. Yana so ya san wane ne ya rera, su wane ne 'yan amshi, da kotso aka yi ta ko da taushi ko kuntigi, a fada aka ɗauka ko a filin dambe ko a ɗakin rediyo, a wace shekara, wa kuma ya ɗauka. Shata yakan yi waƙa ɗaya sau da yawa, yau ya ƙara wani, gobe ya sauke wani, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da ya faru a gari. Wanda ya sami ɗauka uku na waƙa guda, kowace da shekararta, ya sami labarin yadda zamani ya juya. In babu shekarun, sauti kawai ya samu. Wannan rajista ita ce rabin aikin rumbun, ita ce kuma ba mai yi sai wanda aka horar, aka ba shi albashi domin ita.

Akwai kuma masu cewa kiɗa roƙo ne, bai cancanci a ɓata masa kuɗin hukuma ko wurin littattafai ba. Masu wannan ra'ayi ba su kula da abin da makaɗan fada su ke ɗauke da shi ba. A bakin Narambaɗa akwai asalin sarakunan Gobir na Isa, da kirarinsu, da kalmomin doki da na yaƙi waɗanda yaran yanzu ba su taɓa ji ba. A bakin Salihu Jankiɗi akwai fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Barmani ta faɗi abin da matan cikin gida ke faɗa wa juna game da sana'a da kishiya, abin da ba a rubuta a fayil ɗin kowace En'e ba. Ba dole mutum ya so kiɗa ba kafin ya yarda da wannan, kamar yadda ba dole ya so haraji ba kafin ya yarda a adana littafin haraji. Masana ma sun riga sun yanke hukunci. Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Amurka a 1975 da nazari a kan Shata, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shata kansa digirin girmamawa a 1988. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa. To, in an yarda a rubuta littafi a kan waƙa, ina dalilin barin waƙar kanta ta ruɓe?

Waɗansu ƙasashe sun yi, ba kuwa masu arziki kaɗai ba. Wani Bature, Hugh Tracey, ya kafa ɗakin ajiyar kiɗan Afirka a ƙasar Afirka ta Kudu a 1954. Ya yi ta yawo da na'ura a gabashi da tsakiya da kudancin Afirka, kowace waƙa ya ɗauka sai ya rubuta mata katinta. Yau ajiyar tana Jami'ar Rhodes, har ana mayar wa jikokin mawaƙan da muryoyin kakanninsu. Misalin da ya fi kusa shi ne na ƙasar Gini. A zamanin Seku Ture gidan rediyon Konakiri ya ɗauki waƙoƙi masu ɗimbin yawa a tef, aka jibge su, shekaru suka wuce. Daga 2008 zuwa 2013 wani mai bincike mutumin Ostareliya, Graeme Counsel, da taimakon Babban Laburaren Ingila, ya zauna ya juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, fiye da waƙoƙi 9,000, aka sa su a intanet kowa ya ji kyauta. Mutum guda ke nan da 'yan mataimaka. Arewacin Nijeriya kuwa yana da gidan rediyon Kaduna tun 1962, da Gidan Arewa, da cibiyar nazarin harsuna a Jami'ar Bayero, da sassan Hausa a jami'o'i da dama. Ba a rasa hannuwa ba.

Amma labarin Gini yana da wutsiya wadda ya kamata a lura da ita. A watan Oktoba na 2023 ɓarayin kwamfuta suka kai wa laburaren nan na Ingila hari, aka yi watanni masu bincike ba su iya kaiwa ga abubuwa da yawa da ke cikinsa. In haka ta sami babban gida irin wannan, lalle wauta ce a dogara ga wuri ɗaya, balle wurin da ke hannun wasu. Zanen aro ba ya rufe katara. Kowace waƙa a yi mata kwafi mai nauyi wanda ba a rage masa kome ba, a ajiye a wurare uku dabam dabam, misali Kaduna da Kano da Yamai, sa'an nan a fitar da mara nauyi domin masu saurare ta waya. Tef ɗin asali kuma kada a yar da shi don an juye.

Gaggawar da ke cikin al'amarin ta jikin tef ce. Tef ba dutse ba ne. Zafi da laima sukan sa shi ya manne da kansa, wani iri kuma yakan fara warin tsami ya yi ta karyewa, ƙurar hunturu ta ƙarasa abin da ya saura. Na'urorin juya shi an daina ƙera su da yawa, masu gyaransu suna ta tsufa. Tun 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa lokacin da ya rage a ceci irin wannan tef kaɗan ne. Wanda ya ce a dakata sai an sami wadata, ya sani gara ba ta jiran kasafin kuɗi.

Saura maganar hakki, wadda masu ɗora waƙa a waya ba su ko tunawa da ita. Makaɗan nan sun bar 'ya'ya da jikoki, waɗansunsu ba su da kome, alhali kuwa wasu na cin kuɗin talla da muryar ubansu. Rumbun da laburare ke riƙe da shi yana iya yin abin da kasuwa ba ta yi. A nemi iznin magada a rubuce. Ɗalibi da malami su saurara kyauta domin karatu, amma mai son sa waƙa a fim ko a talla a nuna masa ƙofar magada ya je ya biya. In akwai waƙar zambo da iyalan wani su ke jin zafinta har yanzu, a adana ta, a taƙaita ta ga masu bincike, kada a shafe ta, gama ita ma shaida ce ta zamaninta.

Wani aikin kuma ba na'urar da za ta yi shi. Har yanzu akwai tsofaffin 'yan amshi da makaɗan kalangu da sanƙirori da suka yi yawo da manyan nan, a Funtuwa da Maradun da Isa da Jos, akwai kuma tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka riƙe makirfo a gabansu. Su ne za su ji waƙa su ce wannan a bikin wane aka yi ta, shekarar da aka yi fari, wannan muryar ta wane ce, wannan habaicin da wane a ke. A ɗauki ɗaliban Hausa na jami'o'i a lokacin hutu, a ba kowane ɗaya rikoda da littafin rajista da kuɗin mota, ya je ya zauna gaban tsoho ya juya masa waƙa, ya rubuta abin da ya faɗa, da sunan garin da ranar da aka yi hirar.