Kafin ka shiga daji da ƙaton babur

1/ Na san wasu za su ji haushi, amma sai na faɗa: in kai sabon shiga ne, kada ka fara koyon tuƙi a burji da rairayi da manyan baburan nan irin su BMW GS ko Africa Twin. Ko da kana da kuɗin saye. Ga dalilaina 🧵

2/ Mu fara da nauyi. BMW R 1250 GS Adventure, in an cika tankinsa mai lita 30, kilo 268 ne. Ya fi buhun siminti biyar fa. Boxer ɗin da muka saba gani kuwa ko kilo 130 bai kai ba.

3/ A kan kwalta ba za ka ji nauyin nan ba, gudu ke ɓoye shi. Amma kana shiga rairayi tayar gaba za ta fara nutsewa, kan babur ya riƙa rawa. Mai koyo sai ya tsorata, ya saki totur ya damƙe birkin gaba. Daga nan sai ƙasa.

4/ Kuma faɗuwa dole ce ga mai koyo, babu gwanin da bai sha ƙasa ba. Abin tambaya, me zai danne maka ƙafa in ka faɗi? Sannan ka ɗaga kilo 268 sau uku cikin zafin rana, wallahi ƙarfinka ya ƙare. Wanda ya gaji kuwa kuskurensa yawa yake.

5/ A shirin Long Way Round na 2004, Ewan McGregor da Charley Boorman sun tashi daga Landan zuwa New York a kan manyan BMW. A Mongoliya babur ɗin mai ɗaukar musu hoto ya lalace, aka saya masa wani ƙarami ƙirar Rasha. Su suna ta faɗuwa a taɓo, shi yana wucewa abinsa.

6/ Ko a gasar Dakar, inda gwanayen duniya ke ratsa hamada, injin babur ba ya wuce cc 450 a yanzu. To kai da ka fara jiya, ina za ka da 1250?

7/ Wani zai ce ai manyan suna da ABS da na'urar hana taya sulɓewa. Gaskiya ne, kuma a doguwar tafiya kan kwalta sun fi ƙaramin babur daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai a tsakuwa ABS kan ƙara tsawon tsayawa, shi ya sa ake iya kashe na baya. Na'ura ba za ta koya wa jikinka daidaito ba.

8/ Ka lura da ɗan acaɓan ƙauye da damina, buhu biyu a baya, yana ratsa laka hankali kwance. Ba injin ba ne, hannu ne ya faɗa.

9/ Shawarata: ka samu ƙarami, cc 125 zuwa 300, ka nemi fili. Koyi tuƙi a tsaye kan matakan ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kalli inda za ka, ba gaban tayarka ba. A rairayi ka ja jiki baya, kada ka saki totur gaba ɗaya.

10/ In kuma ka riga ka sayi ƙaton, to ka cire akwatunan gefe, ka ɗan rage iskar taya, ka sa hular kwano da takalmi mai rufe ƙwauri. Koyi ɗaga shi tun a gida: ka juya masa baya, ka tura da ƙafafu. Kada ka shiga daji kai kaɗai, wani wurin ko sabis babu.

11/ Hoton da za ka ɗora a Instagram bai kai darajar ƙashin ƙafarka ba, ɗan'uwa. Ƙaton babur yana nan yana jiranka, ka fara goge hannu tukuna. Masu hawa, da wane babur kuka fara? Allah Ya tsare hanya 🙏🏾